Warin Fetur a Famfon Sadaka

Shafi na 19

Da sunan Allah muke buɗe shafin yau. Na ga saƙonninku tun da safe, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban fito da sakamakon gwajin nan yau ba za ta nemo gidanmu. To ga shi nan. Waɗanda kuma yau suka fara shigowa, ku zauna, ba ku makara ba. Muna tare da Zulaihat ne, 'yar Ƙofar Kaura, mai ciki wata shida, wadda ta dawo gidansu jinyar mahaifiyarta Inna Hajo. Kwana tara ke nan da ta ɗebi ruwan famfon ƙofar gidansu a kwalba ta kai gwaji, ba tare da kowa ya sani ba, saboda warin da take ji a ruwan ya hana ta sakat.

Malam Nu'uman bai miƙa mata takardar nan da nan ba.

Ya ja mata kujera. Ya tambayi jikin Inna, ya tambayi mai gidanta Jamilu da aikinsa a Funtuwa, ya tambayi zafin gari, sannan ya sake tambayar jikin Inna kamar bai riga ya tambaya ba. Wannan doguwar gaisuwa ita ta fara tsinka mata zuciya. Shi ya koyar da su kimiyya a sakandare kafin ya koma aikin ɗakin gwaji, kuma ta san shi ba mutum ne mai kewaye-kewaye ba.

Daga ƙarshe ya buɗe aljihun tebur ya fito da ita. Ya ce injin da ke gano irin wannan abu babu shi a wurinsu, shi ya sa ya aika da ruwan wani gari, shi ya sa kuma aka daɗe. Ya ɗora yatsa kan wani layi da aka zagaye da jan biro.

"Zulaihat, daga yau kada wanda ya sake shan ruwan nan."

Ta dubi layin. Wata doguwar kalma ce da lambobi a gabanta.

Ya ce sunan abin etilbenzin. Sinadari ne da ke cikin fetur, akwai shi kuma a fenti da wasu kayan masana'anta. Ba shi da dalilin zama a ruwan sha. Akwai iyakar da masana lafiya suka ce in bai wuce ta ba da sauƙi, to nasu ya ninka wannan iyaka kusan sau huɗu. Ya ƙara da cewa bai zo shi kaɗai ba, akwai 'yan'uwansa a layukan ƙasa, duk 'yan gidan fetur, ɗaya daga cikinsu ma ya fi shi mugunta.

Ta tambaye shi abin da yake yi wa mutum.

Bai ɓoye mata ba. Ya ce a kusa-kusa, yana sa ido yaji, maƙogwaro ya yi kaikayi, mutum ya riƙa jin jiri da ciwon kai. In kuwa aka daɗe ana sha, shekara da shekaru, hanta da ƙoda ake ji wa tsoro. An gwada shi a dabbobi an ga yana taɓa jin kunne. Akwai kuma zargin yana iya jawo ciwon daji, amma wannan ba a tabbatar ba tukuna.

Ƙoda. Kunne.

Ƙafafun Inna ne suka faɗo mata a rai, yadda suka kumbura har silifa ba ya shiga. Da yadda tun bara sai an ɗaga murya sosai kafin Inna ta juyo.

"Malam, shi ya kashe wa Inna ƙoda?"

"Ba zan ce maki i ba, ba zan ce maki a'a ba. Inna na da hawan jini tun da daɗewa, shi ma yana cin ƙoda. Likitanta ne zai duba. Ki kai mashi takardar nan gobe da safe."

Ta ce ai ita tun da ta fara zargi take tafasa ruwan kafin su sha, tana kuma tace shi da farin ƙyalle. Ta faɗa ne tana kallon fuskarsa, tana jiran ya ce ta kyauta.

Ya girgiza kai a hankali. Ya ce ƙyalle ba ya riƙe shi, narkewa yake cikin ruwa. Tafasawa kuwa tana koro shi ne daga tukunya zuwa iska, sai mai tsaye a kan tukunyar ya shaƙa. Ya tambaye ta ko tana jin jiri in ta dafa ruwan wanka.

Kullum. Kullum da safe sai ta sirka ruwan zafi ta yi wa Inna wanka a ɗan ƙaramin bayin nan mai rufaffiyar taga, ta fito idonta jawur tana dafa bango. Kowa ya ce mata laulayin ciki ne.

Hannunta ya sauka kan cikinta. Ba ta yi tambayar ba, amma ya gan ta.

"Wannan ma ban sani ba, ɗiyata. Ba zan yi maki ƙarya don hankalinki ya kwanta ba. Ki je awo, ki nuna masu, ki faɗa masu wata nawa kika yi kina sha."

Wata huɗu. Tun cikin yana wata biyu.

Sannan ya ce irin wannan haɗin sinadarai, in aka gan shi a rijiyar burtsatse cikin gari, yawanci wuri ɗaya yake fitowa: tankin mai na ƙarƙashin ƙasa da ya tsufa ya fara yoyo. Ya tambaye ta ko akwai gidan mai kusa da su.



Gida uku ne tsakaninsu da gidan man Alhaji Dabo. Kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yayanta Ɗanliti ne manaja a wurin.

Malam Nu'uman ya ba ta takardar kwafi biyu. Ya ce ɗaya ta kai wa mai unguwa yanzu-yanzu, kafin ta shiga gida. Shi kuma zai sanar da hukuma yau ɗin nan, don aikinsa ne, ko ta yarda ko ba ta yarda ba.

A cikin napep ba ta ga hanya ba. Lissafin mutane kawai take yi.

Shekara huɗu da rasuwar mahaifinsu Malam Yahaya. Inna ce ta ce ba ta son a yi masa komai sai sadakar ruwa. Aka haƙa burtsatse a tsakar gida, aka ɗora tanki sama, aka fitar da kan famfo uku ta jikin katanga, kowa ya ɗiba kyauta. Tun daga ranar layinsu da layi biyu na baya ba su san wani ruwa ba. Mai shayi na bakin titi nan yake ɗiba. Mai ƙosai nan. Butocin masallaci nan ake cika su. Da warin ya fara fitowa a daminar bara, wasu suka ce janaretan da ke turo ruwan ne, wasu suka ce sabon tankin roba ne. Aka gano in ruwan ya kwana a randa warin yana raguwa, sai kowa ya riƙa kwanar da shi. Ba wanda ya so ya kushe ruwan sadaka.

Ta sami mai unguwa a ƙofar gidansa bayan azahar. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar, ta maimaita abin da aka faɗa mata gwargwadon yadda ta riƙe. Tsohon ya saurara har ta gama. Ya kalli kofin silba da ke gefen tabarmarsa, ya ture shi da bayan hannu. Ya ce zai sa liman ya yi sanarwa da an idar da la'asar.

Da ta karyo kwanar layinsu ta hango jarkoki jere har bakin kwata. Ruwa na zuba, mata na hira.

Ba ta gaida kowa ba. Ta shige gida, ta nufi gindin tanki, ta kama makunnin da hannu biyu ta murɗe shi har ya ƙi motsi. Ta sa sakata a ƙofar zaure. Daga waje ta ji ƙarar ruwan ta yanke, hayaniya ta tashi.

Ba a yi minti biyu ba aka ƙwanƙwasa. Maimuna ce, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, da jarka a hannu da goyon ɗiyarta Halimatu Sa'adiyya 'yar wata biyar. Ta shigo tana dariya, tana cewa a taimaka a buɗe mata ko rabin jarka ne, madarar yarinya za ta dama.

Zulaihat ta san zancen madarar nan. Nonon Maimuna bai zo ba tun haihuwa, da madarar gwangwani ake rainon yarinyar. Ta kuma san sau uku ana kai ta asibiti da amai, ana ba su magani su dawo.

Ta kama hannun Maimuna ta zaunar da ita kan turmi, ta faɗa mata.

Maimuna ba ta yi kuka ba. Ta kwance goyon, ta ɗora yarinyar kan cinya, ta riƙa duba ta kamar yau ta fara ganinta: idonta, tafin hannunta, cikinta.

"Tun ranar suna da shi nike dama mata," in ji ta. "Ba ta taɓa shan wani ruwa ba a duniya."

Zulaihat ta ce ba a tabbatar shi ne ke sa ta amai ba, a dai kai ta likita a faɗa masa. Maimuna ta gyaɗa kai kamar ta ji. Ta tambaya daga ina fetur ya shiga ruwa. Zulaihat ta ce ana zargin wani tanki ne. Ba ta faɗi na wa ba, amma a layin nan tankin mai ɗaya ne kowa ya sani.

Maimuna ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta bar jarkar a nan, ta fita tana neman lambar mijinta Murtala a waya.

Inna na barci a ɗaki, ƙafafunta bisa filo biyu. A gefen gadon ga kofinta da rabin ruwa. Zulaihat ta ɗauke shi a hankali. Ta tuntsurar da randa a makwarara, ta zubar da na tulu, da na buta, da kunun da ta dama da safe. Tana zubarwa warin na tasowa, yanzu da ta san sunansa sai ta ji ya cika gidan gaba ɗaya.

Sannan ta kira yayanta. Ta ce ya zo yanzu, maganar Inna ce.

Kafin minti goma ya iso, da rigar aiki a jikinsa da gorar ruwa a hannu. Ya ratso mutanen da ke waje yana ba su haƙuri, yana cewa wataƙila inji ne ya lalace. Ta mayar da sakata bayan ya shigo. Ya nufi ɗakin Inna, ta ce barci take, ya tsaya nan tsakar gida.

Ta miƙa masa takardar.

Ya karanta daga sama har ƙasa. Ya naɗe ta gida biyu, ya sake naɗewa gida huɗu. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya ba ta, da kuma wa ya gani.

Zulaihat ta tsaya tana kallonsa. Ita da aka nuna mata kalmar nan sai da aka faɗa mata ma'anarta, ta tambayi illarta, aka gaya mata inda ta fito. Shi ko ɗaya bai tambaya ba.

"Yaya, ba ka tambaye ni ko mine ne ba."

Ya ce ai ya yi karatu, ya gane. Ya ce waɗannan masu gwajin wani lokaci suna kuskure, ƙila kwalbar da ta ɗiba da ita ce ba ta da tsabta. Yana magana yana kallon tanki, yana kallon rariya, ko'ina ban da fuskarta.

Idonta ya sauka kan gorar da ke hannunsa.

Yaushe rabon da ta ga Yaya Ɗanliti ya sha ruwa a gidan nan? Kullum da gorarsa, ya ce likita ya hana shi ruwan da ba na roba ba saboda gyambon ciki. 'Ya'yansa uku in sun zo gaida kaka kowa da 'yar gorarsa a rataye. Ranar da ƙaramin ya kafa baki a famfo, uban ya fizge shi ya mare shi, abin da bai taɓa yi ba. Ita da Inna suka ɗora laifin kan matarsa Ramla, suka ce ɗiyar masu kuɗi ce, ƙyamar gidan miji take koya wa yara. Don Ramla ɗiyar Alhaji Dabo ce, mai gidan man.

Ashe ba Ramla ba ce.

"Tun yaushe ka sani?"

Ya buɗe baki zai musa. Ta ce ya dubi ɗakin da uwarsu ke kwance kafin ya yi magana.

Gorar ta suɓuce daga hannunsa. Ya zauna kan bakin rijiyar da aka rufe da siminti, ya dafe kai.

"Shekara biyu da wata huɗu."

Ta lalubi bango ta jingina.

Ya fara magana ƙasa-ƙasa, da sauri, kamar wanda ya daɗe yana jiran a tambaye shi. Ya ce kullum da safe yana zura sandar awo a tankunan ƙasa. Tanki na biyu ya fara nuna mai na raguwa fiye da abin da aka sayar. Ya zaci ma'aikata ne ke sata, har ya kori mutum biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Da abin bai tsaya ba, ya kulle tankin kwana uku ba a sayar da ko ɗigo ba, ya riƙe makullin a aljihunsa. Ya dawo ya auna. Ya ragu.

Ya faɗa wa Alhaji Dabo. Alhaji ya kawo wani mai gyara, mutumin ya duba ya ce tankin ya fi shekara ashirin a ƙasa, tsatsa ta cinye gindinsa, sai an haƙo shi gaba ɗaya an kwashe ƙasar da ta jiƙa, gidan man ya zauna a rufe wata da watanni. Alhaji ya ce a bari bayan salla. Bayan salla ya ce bayan ya dawo aikin Hajji. Da ya dawo ya ce ɗan yoyon nan ƙasa za ta shanye, burtsatse kuma nisa gare ta, ba abin da zai kai can.

Ya ce shi ma ya so ya yarda da haka, ya kuma yarda, har daminar bara da ya zo gidan nan ya ɗebi ruwa zai yi alwala. Yana kai shi hanci ya gane. Mutumin da ya shekara goma cikin warin fetur ba ya ɓace masa.

Ranar ya koma wurin Alhaji har da hawaye. Alhaji ya rufe ƙofar ofis ya ce masa in maganar nan ta fita, shi bai san komai ba, manaja ne ke kula da tanki, manaja za a kama. Ya kuma ce ranar da aka rufe masa gidan mai, ranar ɗiyarsa da jikokinsa za su dawo gidansa.

"Sai ka zaɓa," in ji Zulaihat.

"Na yi ƙoƙari. Wallahi na yi. Na riƙa kawo wa Inna ruwan leda jaka-jaka. Ke shaida ce. Ita ta ƙi sha."

Haka ne. Ta tuna jakunkunan a jibge a zaure. Inna ta rabar da su, ta ce ruwan da take ba mutane sadaka don Malam shi za ta sha, ba za ta ba jama'a wani ta sha wani ba.

"Ka faɗa mata dalili?"

Ya dubi ƙasa.

"Yaya, ka faɗa mata dalili?"

Ya girgiza kai.

Ta tuna ranar da ta dawo gidan nan. Shi ya ɗauko ta daga tasha. Rana ta yi zafi, tana shigowa ta nufi randa ta cika kofi ta shanye, ta ƙara. Yana tsaye nan inda yake zaune yanzu, da jakarta a hannu. Ta ce masa ruwan gida daban ne. Ya yi murmushi.

Ta tuna masa wannan, kalma bayan kalma, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce lokacin ya san tana da ciki, don shi ta fara faɗa wa kafin Inna.

Ya sauko daga bakin rijiyar ya durƙusa gabanta, babban mutum mai shekara arba'in da biyu, yana kuka kamar yaro. Ya ce kullum sai ya yi niyyar faɗa, kullum sai ya ce gobe. Da ciwon Inna ya tashi sai tsoron ya ninku, don in ya faɗa yanzu kowa zai ce shi ya kwantar da uwarsa. Ya ce rabonsa da barcin kirki tun ranar da likita ya ambaci ƙoda.

Ba ta ji tausayinsa ba. Ba ta ji haushinsa ba ma a lokacin. Tsoro ne kawai ya cika ta, ɗan cikinta ya motsa ta rasa ko murna za ta yi ko kuka.

Ya share fuska ya roƙe ta abu ɗaya. Ta riƙe takardar nan mako guda. A ce wa mutane inji ne ya ƙone. Shi zai sa a riƙa kawo tankar ruwa mai kyau layin kullum, zai kuma je ya tsare Alhaji da takardar har sai an haƙo tankin. Mako ɗaya kawai, don in unguwa ta ji haka kwatsam, ba ya jin zai kai gobe.

"Ka makara, Yaya. Tana hannun mai unguwa."

Ya ɗago ya dube ta. A daidai lokacin lasifikar masallacin layin ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu. An idar da la'asar ba su sani ba.

Muryar liman ta cika unguwa. Ya yi sallama, ya ce sanarwa ce daga mai unguwa. Kada kowa ya sake sha, ko girki, ko wanka da ruwan famfon gidan marigayi Malam Yahaya. Wanda ke da shi a randa ya zubar. An auna an sami sinadarin fetur a ciki. Masu ƙananan yara da masu ciki da marasa lafiya su je asibiti su faɗi abin da suka sha. Ya maimaita sau uku.

Daga nan suka fara jin ƙarar ruwa ana kwararwa a kwata, gida bayan gida, da muryoyin mata suna kiran sunayen 'ya'yansu.

Ɗanliti ya miƙe yana waige-waige. Gidan ƙofa ɗaya gare shi.

Labulen ɗaki ya motsa.

Inna Hajo ce tsaye, ta dafa ƙyaure da hannu ɗaya, ɗankwalinta a karkace, kumburarrun ƙafafunta ba takalmi. Kwana goma rabon da ta taka ƙasa ba a riƙe ta ba. Duk maganar da suka yi a tsakar gida ba ta ji ko ɗaya ba. Amma lasifika ta ji, ta kuma ji sunan mijinta.

Ta tambayi abin da aka ce game da ruwan Malam.

Zulaihat ta matsa kusa da kunnenta ta faɗa mata a taƙaice: fetur ya shiga ruwan, daga ƙarƙashin ƙasa, an ce a daina sha.

Inna ta daɗe tana kallon tankin da ke sama. Leɓenta na motsi. Ta ce shekara huɗu tana kwana da farin cikin duk wanda ya sha ruwan nan lada na isa kabarin Malam. Ta tambaya mutum nawa ta shayar.

Aka fara buga ƙofar zaure. Ba bugun mai neman ruwa ba ne. Muryoyin maza ne, da yawa, waɗanda suka fito daga masallaci. Wani na cewa a fito a yi masu bayani, wani na cewa an ga manaja ya shiga.

Inna ta juyo ta dubi ɗanta. Ta dubi jajayen idanunsa, da ƙurar da ke gwiwoyin wandonsa. Ita ta haife shi.

"Ɗanliti. Fetur ɗin na gidan manku ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka sani?"

Ya amsa, amma can cikin maƙoshi. Zulaihat da ke kusa da shi ma da ƙyar ta ji.

Inna ta karkato kunnenta na dama, wanda ya fi ji.

"Ɗaga murya. Ka san ba ni ji."

Ya dubi zaure. Tsakaninsa da ƙofar bai fi taku shida ba, ƙyauren kuma langa-langa ne. Ya dubi Zulaihat kamar mai neman ceto. Ta kawar da kai.

Ya sake faɗa, ya ɗan ɗaga kaɗan.

"Ban ji ba," in ji Inna.

Ya rufe ido.

"Na sani, Inna! Shekara biyu da wata huɗu na sani!"

Bugun ƙofar ya tsaya cak.

Har kukan wata yarinya can bayan katanga ana ji, Zulaihat ta san kukan Halimatu Sa'adiyya ne.

Sai murya ɗaya ta fito daga bayan ƙyauren, a natse, ba ihu ba zagi. Muryar Murtala ce, mijin Maimuna.

"Ɗanliti, mun ji. Buɗe."

Ɗanliti ya ja da baya har bayansa ya bugi ƙarfen tanki. Ya kira sunan Inna sau biyu. Ba ta dube shi ba. Ta gyara ɗankwalinta, ta saki ƙyauren ɗakin, ta tsaya da ƙafafunta ita kaɗai.

"Zulaihat," in ji ta. "Buɗe masu."

Zulaihat ta taka zuwa zaure, hannu ɗaya tallafe da cikinta. Ta ƙasan ƙofar tana ganin ƙafafun mutane, sun tare hasken rana gaba ɗaya.

Ta ɗora hannu kan sakatar.